Wai me fiziks zai tsinana wa Zamfara? (Zare)

1/
Jama'a, zaren nan dogo ne. Mai ƙarancin data ya ajiye shi sai dare. Tun shekaranjiya nake ƙoƙarin haɗiye maganar nan, ta ƙi wucewa.

2/
Ina koyar da fiziks a wata sakandare a Ƙauran Namoda. Akwai ɗalibata, 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Zurmi, sun taso sun dawo Ƙaura saboda abin da kowa ya sani. Ta ci JAMB da maki mai kyau, ta cike fiziks. Ta ce min so take ta zama mai binciken ka'ida, irin masu aiki da biro da takarda. Don murna na ɗora a sitatus, ba suna, ba hoto.

3/
Sai ga amsoshi. Wani ya ce "ana tare mu a hanyar Shinkafi, kai kana tura 'yar mutane lissafin taurari." Wani ya ce "fiziks ai ƙarshenta koyarwa, kalli kanka." (Na gode, na kalla.) Wani ya manno min waƙar nan ta sana'a ta fi digiri. Da daddare baffanta ya kira ni: "Malam, wanga karatu mi shika yi muna? A maida ta ga aikin jinya."

4/
Da Baffa ba ni da faɗa. Shi ke ciyar da gida biyu, shi zai biya kuɗin makaranta, yana da haƙƙin ya tambaya. Faɗana da ku ne, ku da kuka yi boko, kuke riƙe da waya mai tsada, kuke rubuta "ba shi da amfani" a kan gilashin da wannan ilimin ya haifa.

5/
E, gilashin. Mafi yawan wayoyin da ke hannunmu fuskarsu na aiki da wani abu ne mai gudana kamar ruwa amma ƙwayoyinsa a jere suke kamar na dutse. Wani masanin tsirrai, Friedrich Reinitzer, ya ci karo da shi a Prag a 1888. Shekara kusan tamanin abin yana zaune a matsayin wasan masana kafin a yi agogo da kalkuleta da shi. Da ku ne masu raba kuɗin bincike a 1888, da kun ce a ba mutumin nan keken ɗinki.

6/
To bar waya. Mu zo gida.

Duk wanda ya yi makarantar allo ya san tawada. Gawayi ko baƙin tukunya, a niƙa, a zuba ruwa, a sa ƙaro. Ka manta ƙaron ka gani: gobe baƙin ya dunƙule ya kwanta a gindin kurtu, ruwa ya taso sama. Me ya sa? Ka taɓa tambaya?

7/
Ƙwayoyin gawayi suna jan junansu, in suka haɗu sai su manne, su yi nauyi, su nutse. Shi ƙaro dogayen zaruruwa ne ƙanana da ido ba ya gani. Suna naɗe kowace ƙwaya kamar gashi, sai ƙwayoyin su kasa kusantar juna. Ɗan ƙaro kaɗan, tawada ta shekara.

8/
Wannan reshen fiziks ana ce masa kimiyyar abubuwa masu laushi: abin da bai kai dutse tauri ba, bai kai ruwa tsinkewa ba. Koko, kindirmo, miyar kuɓewa, kumfar sabulu, laka, fenti, jini. Bafaranshe Pierre-Gilles de Gennes ya karɓi kyautar Nobel a 1991 kan wannan fanni, kuma da ya shiga zagaya sakandarorin Faransa yana yi wa yara lacca, cikin misalansa har da tawada da ƙaro. Ƙaron nan dai da ake tsinka a jikin dakwara.

9/
Ku gwada wannan a gida, kyauta ne. Ku kwaɓa sitaci da ruwa kaɗan ya yi kauri. Sa yatsa a hankali, zai nutse. Doke shi da ƙarfi, zai tsaya maka kamar daɓe. Matan da ke dama koko sun san haka tun kafin a haife mu, in gasara ta kwanta a gindin roba ba a yi mata garaje da ludayi. Amma cikakken bayanin dalilin, masana ba su daidaita a kansa ba sai cikin shekarun nan na baya, kuma har yau ana rubutu a kai.

10/
Kindirmo kuma: ƙwayoyin furotin na madara suna yawo ba sa mannewa. Da tsami ya ƙaru sai su rasa abin da ke raba su, su kama juna su yi raga, ragar ta riƙe ruwan. Shi ne nonon ya "yi barci". Mai tallan nono a kasuwar Shinkafi tana sarrafa wannan kullum. Abin da ba ta da shi lissafin ne kawai, kuma lissafin ne ke sa kamfani ya yi kwalba dubu ɗari duk kaurinsu ɗaya.

11/
Na san abin da za ku ce. "Wannan ai ya yi kama da aikin masana'anta, mun yarda. Ita yarinyar ka'ida ta ce, irin ta kwantam, wadda ba ta taɓa ƙasa." Madalla. Nan nake jiranku.

12/
A shekarun 1940, a ɗakin binciken kamfanin Philips da ke Eindhoven a ƙasar Holan, wasu mutum biyu, Verwey da Overbeek, suna fama da tambayar tawadar nan: yaushe garin abu ke zama a cikin ruwa, yaushe yake dunƙulewa? Suka gina ka'ida. A Rasha ma Derjaguin da Landau sun fito da irinta a 1941. Amma Overbeek ya lura lissafin ba ya dacewa da gwaji sai in ƙarfin jan da ke tsakanin ƙwayoyi yana raguwa da sauri fiye da yadda aka zata idan tazara ta yi yawa.

13/
Aka kai matsalar gun abokin aikinsu Hendrik Casimir. Shi da Dirk Polder suka warware ta a 1948 da ka'idar kwantam ta haske. Amsar ta fito a sauƙaƙe har ta ba Casimir mamaki. Ya yi hira da Niels Bohr, Bohr ya nuna masa ya duba wajen kuzarin da ke saura a sarari ko da an kwashe komai.

14/
Ga abin da ka'idar filin kwantam ke cewa, a taƙaice. Duniya cike take da "filaye" da suka game ko'ina, kamar fuskar tafki. Abin da muke kira elektron ko ƙwayar haske, motsi ne a kan filin, kamar igiyar ruwa. Kuma tafkin nan ba ya taɓa kwanciya ɗif. Ko ka zuƙe iska, ka kashe fitila, ka sanyaya wurin iya sanyi, akwai 'yar rawa da ke saura.

15/
Casimir ya ce to in haka ne, a ajiye faranti biyu na ƙarfe dab da juna a wurin da babu komai, babu caji, babu maganaɗisu, za su ja juna. Dalili: rawar da ke iya shiga tsakaninsu ba ta kai ta waje yawa ba, sai ta wajen ta turo su. Kusan shekara hamsin aka yi kafin Steve Lamoreaux ya auna abin da kyau a Amurka a 1997. Ya fito yadda aka lissafa. In tazarar ta kai nanomita 10, matsin ya kai kusan nauyin iskar duniya da ke kanmu, shi ya sa masu ƙera ƙananan na'urori ke lissafi da shi.

16/
Ku sake karantawa. Tambayar "me ya sa gari ke kwanciya a ruwa" ita ta kai mutum ga auna ƙarfin sararin da babu komai. Daga kurtun tawada zuwa can, hanya ɗaya ce. Wanda ya ce a riƙe rabin hanya mai "amfani" a yar da ɗaya rabin, bai san hanyar ba.

17/
Kuma hanyar tana dawowa. Kenneth Wilson ya ɗauko dabarun filin kwantam ya warware yadda abu ke sauya hali, kamar ruwa ya zama tururi, ya ci Nobel a 1982. A 1972 de Gennes ya nuna cewa lissafin Wilson ɗin nan shi ne lissafin dogon zaren polima da ke naɗe a ruwa. Sakamako: ka ninka tsawon zaren sau 100, faɗin dunƙulensa zai ninku kusan sau 15. Da zaren na iya ratsa kansa, da sau 10 ne. Irin zaruruwan nan ne ke ba kuɓewa da karkashi yauƙi.

18/
Wato lissafin da ake fassara ƙwayoyin zarra da shi yana da abin cewa kan miyar da kuka sha jiya. Ni dai ranar da na fahimci wannan ban yi barci da wuri ba. Kai in bai motsa ka ba, ba laifi, amma kar ka hana wanda ya motsa.

19/
Yanzu batun rai da mutuwa, tunda shi kuka ce ku ke so.

Da damina ku je Gagare a nan Ƙaura, ko Bunsuru ta wajen Zurmi da Shinkafi, ku ɗebo ruwa a kwalba. Ja ne. Ajiye shi kwana biyu, yashi zai kwanta, amma ruwan ba zai washe ba. Ƙwayoyin laka ƙanana suna ɗauke da caji iri ɗaya, suna ture juna, don haka ba sa haɗuwa balle su nutse.

20/
Jefa ɗan alam, ko garin ƙwayar zogale. Kafin ka gama sallah ka dawo, datti ya tattaru a ƙasa. Furotin ɗin da ke cikin ƙwayar zogale cajinsa kishiyar na laka ne, sai ya kashe turewar. Alam kuma ƙarfinsa na zuwa daga cajinsa mai hawa uku. Ka'idar su Landau da Overbeek ta nuna abu mai caji uku ya fi mai caji ɗaya, irin gishirin miya, iya wannan aiki sau ɗaruruwa. (Gargaɗi: washewa daban, kashe ƙwayar cuta daban. A tafasa ko a sa kulorin.)

21/
A 2021 kwalara ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 3,000, kuma Zamfara na cikin jihohin da abin ya fi ƙamari. Nawa ne daidai na zogale ga irin lakar Gagare? In ya yi yawa me ke faruwa? Lakar Bunsuru iri ɗaya ce da ita? Wa kuke jira ya zo ya auna mana? Bature ba ya shan ruwan Gagare.

22/
Sai sikila. Ba unguwar da ba ta san wannan ciwo ba. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da shi, ana ƙiyasta kusan 150,000 a shekara. Asalinsa harafi ɗaya ne ya sauya a furotin ɗin jini. In iskar oksijin ta yi ƙasa, furotin ɗin sai ya jeru ya zama dogayen sanduna, ya lanƙwasa ƙwayar jini kamar lauje, ta maƙale a ƙananan jijiyoyi. Wannan polima ce, irin ta lamba 17.

23/
A 1974 William Eaton da abokan aikinsa a Amurka suka gano sandunan ba sa fitowa nan take, akwai jinkiri, kuma jinkirin ya dogara matuƙa ga kaurin furotin a cikin ƙwayar. Rage kaurin da kashi 10 cikin 100, jinkirin na iya ninkuwa fiye da sau goma. In ƙwayar ta samu ta wuce matsatsin kafin sandunan su fito, an tsira a wannan zagayen. Wannan fahimtar na cikin abin da ke bayyana yadda wasu magungunan sikila ke aiki. Mutanen da suka zauna da ma'auni da lissafi ne suka samo ta.

24/
Don haka mai jinya da mai ka'ida ba kishiyoyi ba ne. Muna bukatar ma'aikatan jinya, wallahi muna bukata, asibitocinmu shaida ne. Ajina akwai yara da yawa da burinsu ke nan kuma ina ƙarfafa musu gwiwa. Amma a cikin ɗaruruwan da na koyar, wannan ce ta farko da ta tsare ni bayan an tashi tana tambaya me ya sa haske ba ya gajiya a hanya. Ita ɗaya tal kuke so a mayar layin da kowa ke bi?

25/
"Ana kashe mu." Gaskiya ne. Ba daga Abuja nake rubutu ba. Na san faɗuwar gaban da ke zuwa in mota ta rage gudu tsakanin Ƙaura da Shinkafi. Na tuna Jangebe a Fabrairun 2021. Na tuna Satumbar 2021 da aka yanke sabis a jihar nan, aka rufe makarantu da kasuwanni, muna tafiya wata jiha don mu aika saƙo. Yarinyar nan ta fi ku sanin wannan, gidansu ta bari.

26/
Amma ku faɗa min, in ta bar fiziks, wane ɗan bindiga ne zai ajiye makami? Wace hanya ce za ta buɗe? Ba ko ɗaya. Abin da zai faru kawai, mun ƙara wa ɓarayin daji wata ganima da ba su ma nema ba. Sun kwashe shanu, sun hana noma, yanzu mu da hannunmu mu miƙa musu tunanin yaranmu, mu ce sai an gama tukuna. Yaushe za a gama? Shekarunta za su tsaya su jira?

27/
Kuma abin dariya, a duk kimiyya babu mai araha kamar ta ka'ida. Ba ta son injin biliyan. Takarda, biro, wuta, intanet, da malami nagari. Tun 1991 akwai rumbun arXiv inda masana fiziks ke zuba sabbin takardunsu kyauta, wanda ke Zurmi zai iya sauke abin da na Cambridge ke karantawa a rana ɗaya, in akwai sabis. Jiha irin tamu da ba ta da kuɗi, wannan ne ma fannin da za ta iya shiga gasa.

28/
Einstein yana ma'aikacin ofishin rajistar ƙirƙira a Bern ya lissafa a 1905 yadda ƙananan ƙwayoyi ke rawa a cikin ruwa. Jean Perrin ya gwada da ƙwayoyin ƙaron wata bishiya, ya tabbatar, aka daina gardamar ko ƙwayar zarra gaskiya ce. Nobel, 1926. Ƙaro kuma dai.

29/
"Ai su Turawa ne." Abdus Salam ɗan Jhang ne, wani gari a Punjab ta Pakistan, ɗan ƙaramin ma'aikacin ilimi. Ya ci Nobel a 1979 a kan ka'idar filin kwantam. Ya koma gida koyarwa, kaɗaici ya kore shi, babu wanda zai tattauna da shi. Shi ya sa ya kafa cibiyar ICTP a Trieste ta Italiya a 1964, don 'yan ƙasashe irin namu. Har yau suna ɗaukar ɗalibai karatun difloma na shekara ɗaya da tallafi.

30/
Akwai AIMS da aka fara a Afirka ta Kudu a 2003, yanzu tana Senegal da Ghana da Kamaru da Ruwanda. Akwai AUST a Abuja. Ƙofofin nan a buɗe suke, 'yan wasu jihohi na shiga. Mu ko labarinsu ba mu ba yaranmu.

31/
Kuma wa ya ce lissafi don lissafi baƙo ne a ƙasar Hausa? Muhammad ibn Muhammad al-Kashinawi, Bakatsine, ya rubuta littafi kan hanyoyin gina hatimin lambobi a wajen 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Masu tarihin lissafi na ambatonsa har yau. Da yana da sitatus, da wani ya rubuta masa "Malam a nemi sana'a."

32/
Yanzu bari in juyo kan namu, don kar a ce na yi son kai. Mu malaman fiziks muna da hannu a wannan raini. Mun mayar da darasin shifta: a kwafe, a haddace, a zubar ranar jarrabawa. Ni kaina na yi shekaru ina koyar da kaurin ruwa ban taɓa shigo da kuɓewa aji ba. Inda na yi digiri, aikin kammalawa na da yawa daga cikinmu kwafin na bara ne aka sauya sunan gari. Yaron da ya ga haka, don me ba zai ce fiziks ba ta taɓa ƙasa ba?

33/
Ga politeknik ta tarayya a Ƙaura tun 1983. Ga jami'ar tarayya a Gusau tun 2013. Gine-gine akwai. Abin da nake roƙo ƙarami ne: a samu ko ɗalibi biyar a shekara da za a ba tambaya ta gaske daga ƙasar nan. Lakar Gagare. Ƙaron dajinmu, me ya bambanta mai kyau da maras kyau a wajen mai saye. Makuba da kakanninmu ke shafe soro da ita, me take yi wa laka har ruwa ba ya cin ta.

34/
A 1929 layin dogo ya iso Ƙauran Namoda, ya tsaya. An kawo shi ne don a kwashi gyaɗa da auduga a kai teku. Ɗanye ya fita, sarrafaffe ya dawo da tsada, don masu lissafin suna can. Kusan shekara ɗari ke nan, yau zinari ne ke fita haka, gubar dalma ta rage mana, kamar yadda ta kashe yara sama da 400 a yankin Anka da Bukkuyum a 2010. Masu cewa mu tsaya a aikin hannu kawai, tsarin 1929 suke sabuntawa ba su sani ba.

35/
Ba zan yi wa yarinyar ƙarya ba, kuma ban yi ba. Na gaya mata hanyar doguwa ce: digiri huɗu, digiri na biyu, na uku, shekara goma ko fiye. Na gaya mata guraben aiki kaɗan ne, da yawa kan koma koyarwa ko aikin kwamfuta ko banki. Na gaya mata watakila sai ta bar ƙasar nan na wani lokaci. Ta ce "Malam, na riga na bar gida sau ɗaya ba da son raina ba. Wannan karon ni zan zaɓa."

36/
Mai cewa in kalli kaina: albashina ba ya kai ni ƙarshen wata, gaskiyarka. Wannan hujja ce a kan masu biyan malamai. Ka kai ƙorafin can, zan sa hannu.

37/
Gobe bayan la'asar zan je wurin Baffa. Na tanadi kwalba biyu na ruwan Gagare da ƙwayar zogale a aljihu. Ita za ta yi masa bayanin, ni zama kawai zan yi. In ya ce a'a bayan haka, a'a ɗin ce, za mu je a canza mata kwas, shi ke da 'ya.

38/
Kafin nan, duk wanda ya san wani tallafin karatu na gaskiya da ɗalibar fiziks 'yar gudun hijira za ta iya nema, ya turo min ta akwatin saƙo yau. Tambayar farko da Baffa zai yi ta kuɗi ce, kuma kwalba ba za ta amsa masa wannan ba.